Takardar Juma'a

Daren Talata nake rubutawa, Laraba in sake karantawa da idon mai neman kuskure, Alhamis da hantsi in ninke ta in sa a aljihun gaba, in kama hanyar Sabon Gari. Daga gidanmu a Fagge tafiyar ba ta kai a hau mota ba. In ratsa ta Wapa, in gaisa da 'yan canji, in ƙetare titin Murtala Muhammad, sai ga ni cikin hayaniyar 'Yankura. Abin da ke aljihun falle ɗaya ne, gaba da baya. Ba shi da suna, ba a sayar da shi. Mutanen unguwa ne suka laƙaba masa "takardar Juma'a", saboda ranar ake miƙa shi a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Yau takardar ta doshi shekara arba'in, idona ya fara yana, 'ya'yana kuma sun fara tambayata cikin ladabi ko lokacin ajiye alƙalami bai yi ba. Ban ba su amsa nan take ba. Na ce su bar ni in waiwaya tukuna.

Ni ba malami ba ne irin wanda ake shimfiɗa wa buzu. Lokacin da takardar ta fara, malamin firamare ne ni, ɗalibi kuma a zauren wani dattijo da muke ɗaukar Risala a wurinsa tsakanin magariba da lisha. Ina da ɗabi'ar rubuta abin da na ji a littafin makaranta. Abokaina biyu masu tsaron shago a Kantin Kwari ba sa samun zuwa kullum, sai su ari littafin, ya yi kwanaki bai dawo ba. Wata rana ɗayansu ya ce, "Me zai hana ka gurzo mana, kowa ya riƙe nasa?" Na nemi izinin Malam. Ya ce in yi, amma da sharaɗi biyu: kada in rubuta abin da ban ga inda yake a littafi ba, kada kuma in sa sunansa, don in an yi kuskure ni za a nema. Sai na sa sunana da na unguwarmu a ƙasan shafi. Sai da na daɗe kafin na gane cewa sharaɗin nan na biyu shi ya riƙe takardar duk tsawon rayuwarta.

A lokacin Kano ta cika ta batse da maganar addini. Ƙurar Maitatsine ta Disambar 1980 ba ta gama kwantawa a zukata ba. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo da ƙarfinta, 'yan ɗariƙa suna mayar da martani, kaset na tashi a kowane shagon tela. Da azumi wasu na kan tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, wasu na kan na Shehu Nasiru Kabara. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, nan bakin Fagge a Gidan Sa'adu Zungur, yana fitar da Albishir da boko, Alfijir da ajami. A shekarar ce kuma ta kafa hukumar ilimin manya, 'yan kasuwa da matan aure suka fara haɗa baƙi da boko. Masu karatu sun ƙaru, kowa na neman abin da zai riƙe a hannu.

Hanyar da nake bi ranar Alhamis ba ni na share ta ba. Tun shekarun 1950 da 1960 malaman Kano ke kai ƙasidunsu da wa'azozinsu maɗaba'un Yarabawa na Waje. Marubuci ya kwafe da kyakkyawan hannu, a ɗauki hoton rubutun a zuba a faranti, a buga, a kai wa masu littattafai na Kasuwar Kurmi. Wanda ya gaji tsofaffin littattafan ajami, in ya juya bangon baya, zai iya cin karo da sunan maɗaba'ar Oluseyi ko ta Adebola. Fagge da Sabon Gari dama duk 'yan bayan ganuwa ne. Fagge zangon ayari ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Sabon Gari kuwa Turawa suka yanka shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, don saukar ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Baƙin raƙumi da baƙin jirgi, titi ɗaya ya raba su. Ilimi na wannan gefe, injin na wancan.

Mutumin da na samu a wani ɗan shago bayan France Road dattijo ne ɗan asalin Ogbomosho, Kirista, amma a Sabon Gari aka yanke masa cibi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce Malam. Kayan aikinsa tafireta ɗaya ce da injin gurza na Gestetner da ake juyawa da hannu. Zai sa sitansil ya buga rubutuna harafi-harafi, ya bar mini gurbin aya ko hadisi, ni kuma in ɗauki ƙarfen nan mai tsini in zana Larabcin da hannuna. Tafiretar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, don haka in ya gama sai mu bi layi-layi muna yi wa haruffa lanƙwasa, kada baƙi ya koma baki. In an yi kuskure akwai wani jan ruwa mai warin jan farce da ake ɗiga wa wurin, a hura, a jira ya bushe, a sake bugawa.

Fallayen farko da injin ke fitarwa kullum a dagule suke, tawada ta yi musu yawa. A makon farko na ga yaron shago ya tattara su zai zuba a shara, na ce don Allah a ba ni, akwai sunan Allah a ciki. Sau ɗaya na faɗa. Daga ranar Baba ya ware kwalin madara guda ya ɗora a saman kanta. Duk fallen da ya lalace, har sitansil ɗin da aka gama da shi, nan ake sa shi, in ya cika in ɗauka in kai gida in ƙona, in binne tokar. Yaran shago sun sauya ba adadi, amma kowane sabon yaro abin da ake fara nuna masa ke nan: takardar Malam ba ta taɓa ƙasa. Asabar kuwa ranar takardun coci ce, tsarin sujadar Lahadi da lambobin waƙoƙi, da Yarabanci da Ibo da Turanci, har da na masu sujada da Hausa. Injin ɗaya, tawada ɗaya.

A shekarun farko alƙalamina yana da zafi. Na ɓata fallaye da yawa a kan ƙabalu da sadalu, da wa za a bi salla da wa ba za a bi ba. Sai Oktoban 1991 ya zo. Zuwan mai wa'azin Kirista ɗan Jamus, Reinhard Bonnke, ya zama sanadin tarzomar da duk wanda ya gani ba ya son tunawa. An kashe mutane ta kowane ɓangare, an ƙona shaguna da gidaje, aka sa dokar hana fita, titin da nake ƙetarewa kowace Alhamis ya zama iyakar da ba mai kusantarta. Ɗan maƙwabcinmu ya fita bai dawo ba. Da ƙura ta lafa na zauna cikin ɓacin rai na cika falle guda, daga sama har ƙasa "su" ne: su suka jawo, su suka fara, su ba sa ƙaunarmu.

Na tarar da ƙofar shagon da tabon wuta, Baba kuma ya rame. Muka yi wa juna jaje. Ya sa sitansil ya fara bugawa, ina zaune a kan benci ina jin ƙarar tafireta, sai ta tsaya a tsakiyar shafi. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, aikinka ne, in ka ce in ƙarasa zan ƙarasa. Amma ina so in sani, 'su' ɗin nan har da ni?" Na rasa abin cewa. Ƙanensa yana kwance a asibiti a ranar, ban sani ba sai daga baya, kuma ba daga bakinsa ba. Na miƙa hannu na karɓi takardata. Ya zare sitansil ɗin ya sa a kwalin madara, don akwai aya a samansa. Juma'ar nan ba a raba komai ba. Ta gaba na rubuta a kan haƙƙin maƙwabci, amma sai da na koma wurin Malam muka sake bin babin, don kada ya zama kunya ce kaɗai ta sa ni rubutawa.

Ban sauya aƙidata ba, shi ma bai sauya tasa ba, ba mu kuma taɓa zaman muhawara ba. Abin da ya sauya shi ne, daga ranar duk jimlar da zan rubuta sai na tuna akwai mutumin da zai bi ta da yatsunsa, ya kuma iya ɗaga kai ya tambaye ni. A hankali takardar ta bar fagen jayayya ta sauko kasuwa: tauye mudu, bashin da mai hali ke jan ƙafa a kansa, ladan ɗan dako, gadon marayu da baffa ke juyawa a shago shekara goma ba lissafi, matar da aka saka aka kuma bar mata 'ya'ya ba ci ba sha. Waɗannan su ne aka fi tare ni a kansu, wani da godiya, wani da fushi don yana zaton da shi nake.

Masu karatun ma ba waɗanda na zata ba ne. Maza ke karɓa a ƙofar masallaci, amma a cikin gida ake karantawa. Wata dattijuwa ta aiko jikanta ya ce mini in ƙara girman rubutu, kuma in daina cika Larabci ba fassara, don su ma da su ake. Akwai kuma wani tsohon tela a layinmu, wanda ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya tun ban san hannun damana ba. Wata Asabar ya tsayar da keken ɗinkinsa ya kira ni, ya zaro takardar jiya daga ƙarƙashin almakashi, ya sa farce a kan wani layi ya ce, "Malam ƙarami, wannan maganar malamai ce, ka jingina ta ga Annabi. A ina ka gani?" Na koma na bincika, gaskiyarsa ce. Juma'ar da ta biyo baya da gyaran na buɗe shafi. Hannuwan da suka karɓi kuskuren su suka karɓi gyaran, a ƙofa ɗaya, bayan kwana bakwai. Wannan abu ƙarami ne a ido, amma yanzu da na rasa shi na san girmansa.

Sauyin injin bai dame ni ba. Kwamfuta ta kori tafireta, fotokwafi ya kori gurza, haruffa masu lanƙwasa suka samu, Larabci ya fito tsaf. Wayar hannu ta shigo a 2001, Rediyon Freedom ya fara a 2003, kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba memori. Ba na cikin masu cewa duk wannan asara ce. Makaho da wanda bai yi boko ba yau suna ɗaukar karatu a aljihunsu. An kashe Malam Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007, amma har gobe muryarsa na tashi a shagunan Fagge, ana ɗaukar tafsiri a wurinsa kamar yana zaune. Takarda ba ta taɓa yi wa malami irin wannan hidima ba.

Abin da ya dame ni ya zo ta hannun ɗana, da kyakkyawar niyya. Ya ce, "Abba, mutane sun daina karatu, saurare suke yi. Ka karanta in ɗauka in tura." Na yarda, muka yi watanni a haka, saƙon gaisuwa na zuwa daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Sai wata rana wani ɗan uwa ya kira ni daga Maraɗi hankali a tashe, wai ya ji na halatta abin da ya san ba zan halatta ba. Ashe wani ne, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya gutsuro minti ɗaya daga tsakiyar karatun, daidai inda nake kawo hujjar masu wani ra'ayi kafin in ba ta amsa. Gutsuren ya tafi ba suna, ba unguwa, ba farko, ba ƙarshe. Na yi bayani, ɗana ya tura, amma bayanin a Fagge ya kwana. Magana dama zarar bunu ce, sai dai a da mai zarar yana tsaye a gindin jinka ana ganinsa.

A nan ne nake ganin ainihin sauyin yake. Maganata a da sai ta kwana biyu a gida, ta bi ta hannun Baba, ta tsaya a gaban tela da dattijuwa waɗanda suka san ƙofar gidanmu. Cikin kwanakin nan fushi ya huce, kuskure ya fito, "su" ya sami fuska. Yau saurayi na iya jin abu da la'asar, ya yanke hukunci a kansa kafin magariba, dubban mutane su ji kafin lisha, ba wanda ya tsayar da tafireta ya tambaye shi komai. Ba na zargin samarin nan da rashin ilimi, da yawansu sun fi ni karatu nesa ba kusa ba. Jiran ne aka ɗauke musu, aka kuma raba su da maƙwabcin da zai karanta kafin duniya ta karanta. A gari irin Kano, inda kalma ɗaya ta sha tayar da wutar da ta ci unguwa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Baba bai ga ƙarshen wannan zamani a Kano ba. Ya jure 1991, ya jure hare-haren 20 ga Janairun 2012, amma bayan bam ɗin tashar motoci ta New Road ranar 18 ga Maris 2013 'ya'yansa suka matsa ya koma garin iyayensa, garin da bai taɓa zama a cikinsa ba. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Can ya rasu. Ɗansa ne ke riƙe da shagon, aikinsa yanzu katin biki ne da kalanda da fastocin 'yan siyasa. Ranar da na je masa ta'aziyya na ɗaga kai na ga kwali a saman kanta. Na taliya ne yanzu, ba na madara ba, amma aikinsa bai sauya ba.

Sauran abin da ya faru gajere ne. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye rumfar wani abokina mai littattafai, tare da ɗaurin takardun shekara goma na farko da na ba shi ya kai a yi musu bango. A 2020 aka kulle gari saboda korona, masallatan Juma'a suka yi makonni a rufe, kuma a cikin waɗannan makonni dattawan Kano suka yi ta tafiya. Tsohon telan nan yana cikinsu, Allah Ya jiƙansa. Da aka buɗe na tsaya a ƙofa da takardu a hannu, na ga fuskokin da suka saba miƙo hannu sun ragu ƙwarai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuwa, kuɗin takarda da tawada ya yi tashin gwauron zabo, fanshon malamin firamare ba ya ɗaukar bugun kowane mako.

To ga amsar da na ba 'ya'yana. Ba zan ajiye ba, amma zan rage. Takardar za ta riƙa fita sau ɗaya a wata, Juma'ar farko bayan tsayuwar wata. Ƙaramar 'yata, wadda ta fi yayyenta haƙurin bin littafi, ita ke bugawa a kwamfuta, ita ke duba kowane hadisi a inda yake, kuma ta fara rubuta bayan fallen da kanta, da sunanta a ƙasa. Na ba ta sharuɗɗan Malam guda biyu, na ƙara mata na uku: kada abin da ta rubuta ya fita sai ya kwana biyu, sai kuma wani da ba ra'ayinsu ɗaya ba ya karanta. Wanda yake so ya tura ta waya ya ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, da sunan da unguwar, murya kuwa na daina. Bugun yana nan a shagon ɗan Baba. Alhamis ɗin da ta kama nakan bi ta ƙarƙashin doguwar gadar sama da aka ɗora a kan titin Murtala Muhammad, 'yata na riƙe da jakar, in ƙetara.

Ba tawa kaɗai nake ji ba. Gidajen Fagge da birni cike suke da irin waɗannan fallaye da ƙananan littattafai na malamai da ɗalibai, a gafaka da ƙarƙashin gado, gara na ci, damina na jiƙawa, magada ba su san abin da suka gada ba. Cocin Sabon Gari ma na san suna da nasu tarin. Wanda ya ga ba zai iya adanawa ba, Gidan Ɗan Hausa yana nan Kano, Gidan Arewa yana Kaduna, ya kai a ajiye inda masu bincike za su samu.

Ni kuma ina da roƙo ga tsofaffin masu karɓa da 'ya'yansu. Duk wanda ya ci karo da takardar Juma'a irin ta gurza, mai Larabcin hannu da lanƙwasar da aka yi wa haruffa, musamman ta ƙarshen 1991 a kan haƙƙin maƙwabci, don Allah ya riƙo ta zuwa masallacin Juma'a na Fagge. Zan kwafa in mayar masa da abinsa a Juma'ar da ta biyo baya.